Gasar NFL: An rage atisaye, an ƙara wasanni, armashi ya ragu

A daren Alhamis, 6 ga watan Oktoban 2022, ƙungiyar Denver Broncos ta karɓi baƙuncin Indianapolis Colts a gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Kowace ƙungiya ta zo da madugu mai suna. Denver na da Russell Wilson, wanda ya taɓa cin kofin Super Bowl, kuma bai daɗe da sa hannu a kwantiragin kimanin dala miliyan 245 ba. Indianapolis kuwa na da Matt Ryan, gwarzon ɗan wasan gasar na kakar 2016. Aka yi minti sittin ana fafatawa babu ƙungiyar da ta iya kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya. Da aka tashi 9 da 9, ana shirin shiga ƙarin lokaci, sai kyamarori suka nuno magoya bayan Denver suna tururuwar ficewa daga filin, ba su ma tsaya ganin wanda zai ci ba. Indianapolis ta yi nasara da 12 da 9, kuma duk makin daga bugun ƙafa aka same su.

Kamfanin Amazon ne ya nuna wannan wasa, kuma kusan dala biliyan ɗaya yake biya duk shekara don ya mallaki wasannin daren Alhamis.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su matsa gaba yadi goma, ko dai da gudu da ƙwallo a hannu ko da jifa. In sun kai ta ƙarshen fili sun ci maki shida, in sun gaza sai su nemi maki uku ta hanyar buga ta da ƙafa tsakanin sanduna. Mai jifan, wanda ake kira kwatabak, shi ne madugu. A gabansa akwai ƙarfafa biyar da ke yi masa katanga, domin ya samu daƙiƙa biyu ko uku ya duba fili kafin a murƙushe shi. Dukan kyawun wasan ya rataya ne a kan waɗannan 'yan daƙiƙu.

Ba a Denver kaɗai abin ya tsaya ba. A watan Disambar 2023, Los Angeles Chargers ta doke New England Patriots da 6 da nema, mako guda bayan haka Minnesota Vikings ta doke Las Vegas Raiders da 3 da nema. A kakar 2020 matsakaicin makin da kowace ƙungiya ke ci a wasa ya kai 24.8, mafi yawa a tarihin gasar; zuwa 2023 ya sauko 21.8. A cikin wannan yanayi ne Tom Brady, mai kofin Super Bowl bakwai, ya fito a shirin Stephen A. Smith a watan Nuwambar 2023 ya ce wasan yanzu ya cika da tsaka-tsaki, kuma koyarwa da renon matasan 'yan wasa ba su kai na da ba.

Dole a yi wa irin wannan magana taka-tsantsan. Tsohon ɗan wasa, kamar tsohon ma'aikaci, ba ya rasa ganin cewa zamaninsa ya fi. Akwai kuma abubuwan da suka inganta ƙwarai. Masu jifa na yau sun fi na shekarun 1970 sa ƙwallo a hannun wanda aka nufa, nesa ba kusa ba, kuma ba a cika ƙwace musu ita a sama ba. Masu bugun ƙafa sun zama abin mamaki: a 2021 Justin Tucker na Baltimore ya ci daga nisan yadi 66. Raguwar maki ma wani ɓangarenta aikin masu tsaron baya ne. Salon da ake dangantawa da koci Vic Fangio, inda ake ajiye mutum biyu can baya su toshe dogon jifa, ya bazu a gasar, har ya tilasta wa irin su Patrick Mahomes yin gajerun jifa na haƙuri. Wannan dabara ce, ba lalacewa ba, ko da yake ta gundiri 'yan kallo, har mai sharhi Mel Kiper na tashar ESPN ya nemi a haramta ta a 2024, aka yi ta yi masa dariya.

Sai dai ko an cire wannan, akwai abin da ya rage wanda dabara ba ta bayyana shi: katangar da ke rushewa kafin madugu ya ɗaga kai, mai tsaron da ya zo kama mutum ya rungumi iska, da matashin madugun da aka jefa fili bai san inda zai duba ba. Waɗannan alamun rashin koyo ne, kuma ana iya bin sawunsu zuwa teburin sasantawa na shekarar 2011.

A watan Maris na shekarar ne masu ƙungiyoyi suka rufe wa 'yan wasa ƙofa saboda rikici kan rabon kuɗin shiga, aka kwashe fiye da wata huɗu kafin a daidaita. Duk wanda ya taɓa bibiyar zaman ƙungiyar ƙwadago da masu biyan albashi ya san yadda ake ƙarewa: in an hana ka kuɗi, sai a ba ka abin da bai ci wa mai bayarwa komai ba. Masu ƙungiyoyi suka riƙe kasonsu, 'yan wasa suka samu hutu. Aka soke tsohuwar al'adar yin atisayen gwabzawa sau biyu a rana a sansanin share fage. Aka rage shirin bayan kaka da mako biyar. Aka kuma ƙayyade cewa a duk tsawon kaka, sau 14 kacal za a yi atisaye sanye da cikakken sulke. Yarjejeniyar 2020 ta ƙara datsewa, ta mayar da atisayen sulke na sansani daga 28 zuwa 16.

Waɗanda wannan ya fi shafa su ne 'yan katanga. Mai gudu ko mai cafe ƙwallo zai iya gyara sana'arsa shi kaɗai a fili da rani. Ɗan katanga ba ya koyon tare ƙato mai kilo 130 sai da ƙaton a gabansa, kuma ba shi kaɗai ba: su biyar ne za su motsa kamar mutum ɗaya, kowa ya san abin da na kusa da shi zai yi in maharan suka sauya wuri. Wannan sabo ne, sabo kuwa maimaici yake so. A da ana cewa jami'o'i za su cike giɓin, to su ma sun sauya salo. Yawancinsu suna wasan buɗe fili da gaggawa, inda ɗan katanga ba ya ma dafa ƙasa da hannu, madugu kuma yana kallon gefen fili koci ya nuna masa abin da zai yi. Tun da aka sassauta dokar sauya makaranta, aka kuma halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla a 2021, ɗan wasa na iya zaga jami'a uku kafin ya gama, bai zauna hannun malami ɗaya ya ƙoshi ba. Ita kuma NFL ba ta da ƙaramar gasar reno irin makarantun da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai ke da su. Ta taɓa samun NFL Europe, inda Kurt Warner ya goge a Amsterdam kafin ya ci Super Bowl, amma ta rufe ta a 2007 saboda asara.

Yarjejeniyar 2011 ta zo da wani abu na biyu da ya sauya lissafin kowace ƙungiya, wato ƙayyade albashin sababbin shiga. A 2010 Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa, ya samu kwantiragin dala miliyan 78 na shekara shida tun bai taka fili ba. Shekara guda bayan haka Cam Newton, a matsayi ɗaya, ya samu miliyan 22 na shekara huɗu. Gyara ne mai ma'ana, domin bai dace sabon shiga ya fi tsohon hannu albashi ba. Amma da yake akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, matashi mai araha ya zama haja mafi tsada. Dak Prescott na Dallas yana karɓar dala miliyan 60 a shekara, alhali Brock Purdy ya kai San Francisco wasan ƙarshe a watan Fabrairun 2024 da albashin da bai kai miliyan ɗaya ba. Kowane manaja ya ga darasin: a samo yaro, a sa shi wasa nan take, a kashe ragowar kuɗin kan wasu kafin kwantiraginsa ya ƙare. Gogaggun 'yan wasa na tsakiya, waɗanda ba taurari ba ne amma sun san aiki kuma su ne ke koya wa na baya, su aka fara sallama.

Abin lura shi ne yadda manyan madugai da dama suka taso. Brady ya yi shekararsa ta farko a benci bayan Drew Bledsoe. Aaron Rodgers ya yi shekara uku yana kallon Brett Favre. Mahomes wasa ɗaya tak ya fara a 2017, yana bayan Alex Smith. A ɗaya gefen kuma ga Bryce Young, wanda Carolina ta fara zaɓa a 2023 ta sa shi wasa tun makon farko a bayan katanga mai yoyo. Ƙungiyar ta ci wasa 2 ta sha kashi 15, ta kori kocinta Frank Reich bayan wasa 11, sannan ta ajiye Young a benci bayan wasa biyu na kaka ta gaba. Sam Darnold, wanda New York Jets ta ɗauka a 2018 ta kuma yar, sai a ƙungiyarsa ta huɗu, Minnesota, ya ci wasa 14 cikin 17 a 2024. Yaron nan dai shi ne. Abin da ya rasa tun farko lokaci ne da malami.

Idan katanga ta yi rauni, madugu ne ke biya da jikinsa. A kakar 2023 fiye da madugai 60 ne suka fara wasa a gasar da ke da ƙungiyoyi 32. Ba dukan raunukan ne laifin katanga ba, amma jerin ya isa: Rodgers ya tsinke jijiyar agara a taɓawa ta huɗu ta wasansa na farko da Jets, sannan Joe Burrow, Kirk Cousins, Deshaun Watson, Daniel Jones da Anthony Richardson duk suka bar kakar ba ta ƙare ba. Wasan Minnesota da Las Vegas na 3 da nema, 'yan canji ne suka ja ragamarsa a ɓangarorin biyu.

To, a koma atisayen da ke nan? A nan ne maganar ke yin nauyi, kuma wani ɗan Najeriya na tsakiyarta. A 2002, a birnin Pittsburgh, Dokta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan katangar Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani. Ya gano cutar da ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai, ya wallafa sakamakon a 2005. Likitocin gasar suka nemi a janye rubutun. A 2013 NFL ta amince ta biya dubban tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara dala miliyan 765, daga baya aka cire wa kuɗin iyaka. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka sami cutar a 110 daga cikin ƙwaƙwale 111 na tsofaffin 'yan NFL da iyalansu suka bayar. Iyalan da suka ga alamu ne suka fi bayarwa, don haka adadin ba ya wakiltar kowa, amma ya isa ya nuna cewa 'yan wasan da suka nemi a rage gwabzawa a atisaye ba ragwanci ne ya sa su ba. Mai kallo daga kujera ba shi da hurumin neman wani ya sayar da hankalinsa don wasa ya yi daɗi.

Inda hujjar lafiya ta yi rauni shi ne abin da gasar ta yi da ɗaya hannun. A yarjejeniyar 2020, wadda 'yan wasa suka amince da ita da ƙyar, ƙuri'a 1,019 da 959, aka buɗe hanyar mayar da wasannin kaka daga 16 zuwa 17, aka rage na share fage daga huɗu zuwa uku. Ana buga wasa ranar Lahadi a sake bugawa ranar Alhamis, kafin ciwon jiki ya saki mutum, balle a yi wani atisaye. Ana ɗaukar ƙungiyoyi zuwa Landan da Jamus da Brazil. Wato karon da aka cire shi ne wanda ake yi a ɓoye don koyo, wanda ba ya kawo ko sisi. Wanda ake sayar wa gidajen talabijin kuwa ƙara shi aka yi. A ganina, nan ne asalin matsalar take, ba a dokokin kare madugu da Brady ya fi kuka da su ba.

Kuma babu abin da zai tilasta gyara, domin kasuwa ba ta hukunta kowa ba. A 2021 gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na shekara 11 a kan kimanin dala biliyan 110. Daga cikin shirye-shirye 100 da aka fi kallo a talabijin a Amurka a 2023, guda 93 wasannin NFL ne. Super Bowl na watan Fabrairun 2025, inda Philadelphia ta lallasa Kansas City da 40 da 22 a wasan da aka san wanda zai ci tun kafin hutun rabin lokaci, ya samu 'yan kallo miliyan 127.7, adadin da ba a taɓa samu ba kafin nan. Caca a kan wasanni, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofarta a 2018, ta ƙara samar da mai kallon da bai damu da kyan wasa ba muddin lissafinsa zai fita. Iyakar albashin ƙungiya da take kusan dala miliyan 120 a 2011 ta kai miliyan 279 a 2025, don haka su ma 'yan wasan ba su da dalilin tayar da jijiyar wuya. Shi kansa Brady, a watan Oktoban 2024 aka amince masa ya sayi hannun jari a Las Vegas Raiders, ya koma layin masu ƙungiyoyi.

Yarjejeniyar da ake kai yanzu za ta ƙare ne bayan kakar 2030. Tun a 2024 shugaban gasar, Roger Goodell, ya bayyana tsarin da yake so: wasanni 18 a kaka, na share fage biyu. Masu ƙungiyoyi ba za su iya yin haka ba sai da yardar ƙungiyar 'yan wasa, kuma a zama biyun da suka gabata, lokacin atisaye na cikin abin da aka biya su da shi.