Dasa Zanen Gini a Cikin Hoton Fili

Kafin a aza tubali ko ɗaya, mai gini da hukumar tsara gari sukan so su ga yadda ginin zai zauna a tsakanin maƙwabtansa. Saboda haka masu zanen gine-gine kan ɗauki hoton filin, sa'an nan su dasa surar ginin a ciki. Dabarar kuwa ta girmi kwamfuta. A 1921 Mies van der Rohe ya zana wani dogon benen gilashi a kan hoton titin Friedrichstrasse da ke Balin ta Jamus. Ba a taɓa gina benen ba, amma har yanzu ɗaliban fannin suna nazarin hoton.

Tushen aikin shi ne mahanga, watau inda idon mai kallo yake. Kowa ya lura gefunan miƙaƙƙen titi sukan yi kamar za su haɗu can nesa. Alberti ya rubuta ƙa'idar wannan a 1435. Lalle ne layukan zanen su nufi ɗigon da layukan hoton suka nufa. A kwamfuta akan kafa kyamarar ƙirƙira daidai inda ta gaske ta tsaya, da tsayinta daga ƙasa, wanda galibi kimanin mita 1.6 ne, da irin gilashinta. In aka kuskure, sai ginin ya yi kamar yana lilo.

Daga nan sai haske. Hoton da aka ɗauka da hantsi ba ya karɓar inuwar la'asar, kuma ko wanda bai san zane ba zai ji wani abu bai yi daidai ba. Abin mamaki, tsabtar zanen ce ta fi tona asirinsa. Don haka gwanaye kan dusashe launinsa, su sa masa ɗan hazo in yana nesa, su bar reshen itace ya kare wani sashensa.

Sai dai ƙwarewar nan tana iya zama hanyar ruɗi, domin gilashin kyamara mai faɗin gani yana ƙanƙanta ƙaton bene. A Landan, inda aka kare wasu wuraren hangen majami'ar St Paul, akan buƙaci masu safiyo su auna inda kyamara ta tsaya da wasu alamomi na cikin hoton, yadda wani zai iya sake gwada aikin kafin a ba da izinin gini.