Damina ba ta jiran kotu: ɗaukaka ƙara a Madawa, Buza da Keita

A shari'ar gona, hukuncin ƙarshe ba shi ne ke hana manomi barci ba. Umarnin da alƙali ke bayarwa tun ana tsakiyar shari'a shi ne ke taɓa rumbu: a dakata da shuka, a je a duba iyaka, wane ya ci gaba da noma kafin a gama. Wanda umarnin ya kwantar sai ya fito yana tambaya, ina zan kai kuka?

Amsar ba ɗaya ba ce. Rigimar gona takan faro a fadar maigari ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu. In sulhu ya gagara, sai ƙaramar kotun Madawa, Buza ko Keita. Daga nan hanya ta danganta da irin ƙarar da irin umarnin. Dokar shari'ar farar hula ta Nijar ta 2015 ta bi tsarin Faransa, inda umarnin da ke share fagen bincike kawai yakan jira hukuncin ƙarshe kafin a ƙalubalance shi, shi kuwa na gaggawa ana iya ɗaukaka ƙara a kansa nan take. Manomin da ba shi da lauya ba zai rarrabe su ba, har wa'adi ya kuɓuce masa.

Tushen rigimar kuwa, ƙasa ce ta yi daraja. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda Italiya ta tallafa tun 1984, ya mai da faƙo gona. Albasa ta sa kowane taƙi a fadamar Tarka ya zama kuɗi, magada kuma sai ƙaruwa suke. Filin da kakanni suka ba da aro da baki, yau jikoki na neman takardarsa.

Shekaru da dama kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a Nijar, Yamai da Damagaram, kuma daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Buɗe ta Tawa ya rage kuɗin mota, wannan alheri ne. Amma mai hali yana iya amfani da kusancin ya ja shari'a, har talaka ya sayar da akuyarsa ya haƙura. Abin da ya fi damuna ke nan. Umarnin da aka bayar a watan Mayu, in ba a duba shi ba sai Oktoba, gero ya riga ya shiga rumbun wani.