Kyamara mai launi ko baƙi-da-fari: Wacce ta fi dacewa da ɗaukar hoton taurari?

Shahararren hoton nan na ginshiƙan ƙura da iskar gas a sararin samaniya, wanda na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka a 1995, cike yake da launuka. Sai dai kyamarar da ta ɗauke shi ba ta ganin launi ko kaɗan.

Hotuna ne baƙi-da-fari, kowanne an ɗauke shi ta bayan gilashin tace haske daban. Daga baya masana suka bai wa hasken farar wuta launin ja, na haidurojin kore, na oksijin shuɗi, suka haɗe su wuri guda.

Duk mai shirin kashe kuɗinsa a kan kyamarar ɗaukar taurari sai ya zaɓa: ya bi wannan hanya, ko ya sayi mai launi ya huta.

Bambancin yana kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske. A kyamara mai launi, har da ta wayar hannu, an rufe kowane fiksel da ɗan gilashi mai launi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976. A kowane fiksel huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Kowanne yana karɓar launinsa ne kawai, sauran kuma manhaja ce ke ƙiyasta su.

Da rana wannan ba matsala ba ce. Da dare kuwa asara ce. Gajimaren gas da taurari ke haihuwa a cikinsa yana fitar da jan hasken haidurojin mai tsawon zango nanomita 656, kuma fiksel ɗaya cikin huɗu ne ke kama shi sosai. A kyamara baƙi-da-fari duka huɗun suna aiki, shi ya sa hotonta ya fi fitowa tas.

Ta kuma fi amfani a birni. Idan aka sa mata gilashin da ba ya barin komai ya wuce sai hasken haidurojin, yawancin hasken fitilun titi da na farin wata ba sa shiga.

To amma tana cin aljihu. Kamfanin ZWO na China yana sayar da ASI2600MC mai launi da ASI2600MM baƙi-da-fari, duka da sensar Sony IMX571 mai megafiksel 26. Ta biyun ta fi tsada, kuma sai an ƙara sayen gilasan tace haske da faifan da ke juya su.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne lokaci. Idan an gama ɗaukar ja da kore sai hadari ya taso kafin shuɗi, babu hoto mai launi a daren. A wurin da damina ke rufe sama, hazon hunturu kuma ya biyo baya, kamar arewacin Najeriya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai kyamara mai launi ko awa ɗaya ya samu, ya tashi da cikakken hoto. Sabon shiga, musamman mai iya fita bayan gari inda duhu yake, ita ta fi masa. Akwai ma gilashin da ke barin hasken haidurojin da na oksijin su wuce tare, wanda ya rage tazarar da ke tsakanin kyamarorin biyu.

Abin da za a ɗauka ma yana da tasiri. Shuɗin hazon da ke kewaye da Kaza da 'Ya'yanta ƙura ce da ke maido da hasken taurarin, ba gas mai fitar da haskensa ba. Gilashin haidurojin ba zai nuna shi ba, kuma kyamara mai launi a dare mai duhu ta wadatar.