Yajin aiki a filin jirgi: Yadda ayarin abokai daga Rano da Kibiya zai kai inda ya nufa

A ranar Litinin 3 ga Yunin 2024, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tsunduma yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi. Kafin gari ya waye an kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, ma'aikata kuma suka toshe ƙofofin filayen jiragen sama a Legas da Abuja. Washegari Talata aka dakatar da yajin, amma kwana ɗayan nan ya wargaza tafiye-tafiye da dama, ga shi kuma ya faɗo ana tsakiyar jigilar maniyyata aikin Hajji.

Mazaunin birnin Kano idan ya ji labari irin wannan, zamansa yake yi a gida. Mutumin Rano ko Kibiya kuwa, in jirginsa na safe ne, da an sallame Asuba yake kama hanya, ya ratsa Bunkure ya nufi Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Sau da yawa kuma ba shi kaɗai ba ne. Abokan ango ne su takwas za su ɗaurin aure a Agege, ko 'yan kasuwa da suka haɗa kai za su saro kaya, ko abokai da suka shekara suna adashi don zuwa Umara tare. An yi shatar mota, an yi sallama da iyali, sai a ƙofar fili a ji babu tashi.

A nan ayari yake fara rabewa. Wani ya ce a koma gida, wani ya ce a jira, mai ɗan hali kuma ya fara laluben tikitin wani kamfani shi kaɗai.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: wa ke yajin? A ranakun 17 da 18 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin jiragen sama irin su NUATE da ATSSSAN ne suka yi yajin gargaɗi na kwana biyu. An san ranar farawa, an san ranar gamawa, don haka wanda tafiyarsa za ta jure ɗagewa zuwa Laraba bai yi asarar komai ba sai haƙuri. A Afrilun 2025 kuwa ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ne suka ajiye aiki. Kamfanin Air Peace ya dakatar da jiragensa saboda rashin bayanan yanayi, wasu kamfanonin suka ci gaba da tashi. A irin wannan, sauya kamfani yana da amfani. Idan kuwa filin ne aka garƙame kamar na 2024, sayen sabon tikiti zubar da kuɗi ne kawai.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro ba sa tashi sai da madugu, kuma shi ke yanke inda za a yada zango. Ayarin abokai ma yana buƙatar mutum ɗaya da zai yi magana da kamfani ko ejan, lambar wayarsa ce a kan tikiti, shi ke karɓar saƙo ya sanar da sauran a zauren WhatsApp. Zaɓensa tun a gida ake yi, domin a bakin ƙofar fili kowa ransa a ɓace yake. Kuma ba lallai ya zama babban yaya ko mai kuɗin cikinsu ba. Wanda ya iya karanta saƙon Turanci, wayarsa ba ta rabuwa da caji, kuma ba ya saurin hawa, ya fi dacewa, ko da shi ne ƙaramin su.

Shi madugun zai sa a tsayar da lokaci: in ƙarfe kaza ta yi ba a buɗe ba, an fasa jirgi. Wannan ya fi muhimmanci ga masu ɗaurin aure, don liman ba ya jiran jirgi. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma manyan motocin da ke lodi a New Road ta Sabon Gari kwana suke yi a hanya. Wanda ya tsaya sa rai har Magariba zai iya rasa jirgi ya rasa mota. Masu zuwa Abuja sun fi sauƙi: mota daga tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna, in lokaci ya dace su hau jirgin ƙasa daga Rigasa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ɓata zumunci. Dokokin hukumar NCAA sun wajabta wa kamfani mayar da kuɗin tikitin jirgin cikin gida da aka soke: nan take in da tsabar kuɗi aka biya, cikin kwana 14 in ta banki ne. Sai dai mai mota ba zai jira kwana 14 ba, kuma in ta hannun ejan aka sayi tikitin, galibi ta hannunsa kuɗin zai biyo. Saboda haka masu dabara kan ware wani abu cikin asusun tafiya tun farko, wanda zai ishi kuɗin mota da kwana ɗaya a masauki ga kowa. Ba don komai ba sai don wanda ya sayar da buhun masara ya haɗa kuɗin tikiti. Shi ne zai yi shiru ya ce ya fasa, kunya ba za ta bar shi ya ce aljihunsa ya ƙare ba.

Masu Umara nasu ya fi sarƙaƙiya, domin biza da masauki a Makka da Madina duk suna ɗaure da kwanaki. Su kam babu maganar mota. Madugu ya nemi ejan ya ɗage ranar shiga masauki tun kafin ta wuce, ya kuma karɓi shaidar soke tashin a rubuce.

Direban shatar da ya kawo su daga Rano ma kada a sallame shi da an sauke jakunkuna. A ƙara masa wani abu ya dakata a waje, har sai an ga an fara tantance fasinja.