Na'urar Wasa Wuƙa: Abin Da Ta Ci Mini Da Abin Da Ta Koya Mini

Saura kwana uku Babbar Sallah, shekaru biyu da suka wuce, na shigo gida riƙe da wani ɗan kwali ina jin kaina kamar wanda ya kawo ƙarshen wata tsohuwar matsala. Abin da ke cikin kwalin na'urar wasa wuƙa ce mai aiki da lantarki, girmanta bai wuce na matsakaicin burodi ba, a samanta akwai tsagogi shida inda ake zura wuƙa. Mai shagon ya gwada ta a gabana. Ya ɗauko wata dakusasshiyar wuƙa wadda ko tumatir ba za ta huda ba, ya ja ta cikin tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya, kafin minti guda ya cika sai ga shi yana feƙe takardar jarida da ita a tsaye. Ban tsaya dogon ciniki ba na biya.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan matsala. Wuƙar kicin kullum ba ta ci. Uwargida takan goga ta a bakin dandamalin siminti, ko a gindin kofin tangaran, ko ta haɗa wuƙa biyu tana gugar ɗaya da ɗaya, a samu kaifin da zai gama girkin ranar. Idan layya ta matso sai kowa ya tuna da maƙera, a yi ta layi, domin addini ya hori mai yanka da ya wasa wuƙarsa saboda ya sauƙaƙa wa dabba. Ni kuwa na ce daga bana na bar wannan layi.

Kafin in faɗi abin da ya same ni, ya kamata mai karatu ya san yadda na'urar take aiki, domin rashin sanin haka shi ya jawo mini asara. A cikinta akwai ɗan inji da ke juya faya-fayai masu kaushi. Masu tsada ana lulluɓe faya-fayansu da garin daimon, wanda babu wani ma'adini da ya kai shi tauri, masu araha kuwa dutse ne ko tangaran. Yawanci matakai biyu ne ko uku, kowane mataki da tsaga biyu, ɗaya ta gefen dama na wuƙa, ɗaya ta hagu. Matakin farko shi ne mai kaushi sosai, aikinsa ya cinye ƙarfe ya fitar da sabon baki. Na biyu ya daidaita bakin, na uku ya goge shi ya yi santsi. Tsagar kanta ita ke riƙe wuƙa a kan kusurwa ɗaya tak, kuma wannan ita ce babbar fa'idar na'urar, domin abin da ya fi wuya ga mai wasa wuƙa a kan dutse shi ne ya riƙe hannunsa a kan kusurwar da ba ta sauyawa. Irin wannan na'ura ta gida ta yi suna ne tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kamfanin EdgeCraft na jihar Pensilbeniya a Amurka ya fito da samfurinsa mai suna Chef'sChoice. Tawa dai ba ta wannan kamfani ba ce, irin marasa sunan nan ce da suka cika kasuwa, waɗanda ko takardar bayani mai ma'ana ba su zuwa da ita.

A daren nan na tara duk wuƙaƙen gidan. Na fara da na kanti, farare masu mariƙin roba, suka fito da kaifi abin sha'awa. Daga nan sai na ɗauko wuƙar marigayiya mahaifiyata, baƙar wuƙa mai ƙotar itace, ƙirar maƙeri, wadda na buɗe ido na tarar ana yanka nama da ita a gidanmu. Na zura ta a matakin farko, na ji ba ta shiga tsagar sosai saboda kaurinta, sai na danna da ƙarfi, na tsaya a wuri ɗaya ina sauraron ƙarar injin. Da na zaro ta, sai na ga bakin ya yi wani rami kusa da ƙota, tsinin kuma ya rine ya koma shuɗi. Maiɗakina ta karɓa ta duba, ta ce, "Malam, wannan fa wuƙar Hajiya ce." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban sami abin cewa ba.

Washegari na bi layin da na yi alƙawarin dainawa. Tsohon maƙerin unguwarmu ya juya wuƙar a hannunsa, ya shafa bakin da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, ka ƙone ta. Wannan wuri da ya yi shuɗi ya mutu, ko an wasa shi ba zai riƙe kaifi ba, sai an cinye shi gaba ɗaya." Haka aka yi. Wuƙar ta dawo da ci, amma ta rage tsawo da faɗi, kamanninta kuma sun sauya har abada.

Abin da tsohon ya sani da ido da yatsa, shi ne masana ƙarfe suke bayani da lissafi. Maƙeri yakan gasa ƙarfe har ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa ko mai domin ya yi tauri, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa kamar gilashi. Idan daga baya zafi ya wuce wancan ɗumi, taurin yana raguwa, kuma ba ya dawowa da kansa. Launin da ke bayyana a jikin ƙarfe shi ne shaida: yana farawa da ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, ya koma ruwan hoda mai duhu, idan ya yi shuɗi to zafin ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas. Bakin wuƙa mai kaifi ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, saboda haka cikin daƙiƙu kaɗan yake ɗaukar wannan zafi idan aka danna shi a kan faifan da ke gudu a bushe. Shi ya sa za ka ga mai wasa wuƙa na gaskiya yana ajiye gwangwanin ruwa kusa da shi, yana tsoma wuƙar bayan kowane ɗan gugu.

Darasi na biyu shi ne cewa an ƙera waɗannan na'urori ne da wasu wuƙaƙe a zuciya, kuma ba namu ba ne. Wuƙaƙen Turai, irin na garin Solingen a Jamus, an saba wasa su a kan kusurwar digiri 20 ko kusa da haka a kowane gefe. Na Japan, irin na garuruwan Seki da Sakai, ƙarfensu ya fi tauri, bakinsu ya fi siranta, wajen digiri 15. Kowace na'ura tana zuwa da kusurwarta a kafe, wasu 20, wasu 15, 'yan kaɗan kuma suna da duka biyun. Dukkansu suna zaton wuƙa miƙaƙƙiya ce, siririya, mai kauri ɗaya daga ƙota zuwa tsini. Wuƙar maƙerinmu kuwa, wadda sau da yawa daga tsohon sifirin ɗin mota ake ƙera ta, da guduma aka fitar da ita, kaurinta ba ɗaya ba ne, kuma kowace da halinta. Ƙarfenta nagari ne, yana ɗaukar kaifi yana riƙewa, illarsa tsatsa kawai. Amma tsagar na'ura ba ta san hali ba, abin da aka saita mata shi take yi wa kowa. Haka nan ba a zura mata adda ko barandami, ba a zura almakashi sai idan an keɓe masa tasa tsagar, wuƙar burodi mai haƙora kuma matakin farko yana cinye haƙoran nata.

Darasi na uku ya fi sauran ciwo, domin da jini aka koye shi. Masu tallar na'urar sukan ce wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, saboda ba a danna ta da ƙarfi balle ta zame. Wannan gaskiya ne ga wanda yake yanka a kan katako, yatsunsa a lanƙwashe nesa da bakin wuƙa. To, amma dubi yadda iyayenmu mata suke yankan albasa da kuɓewa da alayyafo. A hannu suke riƙe da su, wuƙar tana tahowa ta tsaya a kan babban yatsa. Hannun da ya shekara ashirin yana wannan aiki da wuƙa mai matsakaicin ci ya saba da wani gwargwado na ƙarfi. Ranar Sallar nan, maiɗakina ta ɗauki ɗaya daga cikin fararen wuƙaƙen da na wasa, ta fara yankan albasa yadda ta saba, wuƙar ta wuce albasar ta shiga yatsa. Sai da aka yi ɗinki. Laifin ba na na'ura ba ne, nawa ne, domin na sauya kayan aikin mutum ban gaya mata ba. Duk wanda zai shigo da wannan na'ura gidansa, to ya shigo da katakon yanka tare da ita, kuma ya sanar da duk mai shiga kicin, har da 'yan mata masu koyon girki da masu aikin gida.

Akwai kuma batun wuta. Ba sai na tsaya bayanin halin da lantarki yake ciki a ƙasar nan ba, kowa ya san ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da ba a ganinsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne bambancin ƙarfin wuta. Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da ɗan'uwa ya aiko da ita tsaraba daga Amurka, ko wadda aka tsinta cikin kayan gwanjo, idan aka jona ta kai tsaye ba tare da abin rage ƙarfin wuta ba, injinta zai ƙone. Wadda aka yi don kasuwar Ingila ko sauran Turai ita ta dace da wutarmu. A juya gindin na'ura a karanta lambar da ke jiki kafin a biya kuɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa na'urar ba ta da amfani. Har yau tana nan a gidana kuma ina aiki da ita. Ga fararen wuƙaƙen kanti, waɗanda ba sa tsatsa amma suke saurin dakushewa, ban ga abin da ya fi ta sauƙi ba. Ga mai sayar da abinci da ke yanka kwandon albasa kullum, ko tsohuwar da hannunta ya fara rawa, ko magidancin da ke zaune a sabuwar unguwa inda babu maƙeri ko ɗaya, taimako ce babba. Abin da nake cewa shi ne a san farashinta na ɓoye. Duk lokacin da ta ba ka kaifi, wani yanki na wuƙarka ta ci. Baƙin garin da ke taruwa a cikinta, wanda wasu samfura suke da maganaɗisun tattara shi, wuƙarka ce ta zama ƙura.

Saboda haka ga abin da na koya, ko wani zai amfana. Matakin farko na wuƙar da ta mutu ne ko wadda bakinta ya fashe, ba na kowane mako ba. Yawancin lokaci matakin ƙarshe kaɗai ya isa, domin sau da yawa wuƙar da ake cewa ta dakushe bakinta ne ya ɗan kwanta gefe guda, miƙarwa yake buƙata. Wannan shi ne aikin sandar ƙarfen nan da mahauta suke gugar wuƙa a kanta, miƙar da baki take yi, ba ta cin ƙarfe sai ɗan kaɗan. A zura wuƙa a wanke kuma a bushe. A fara daga kusa da ƙota, a ja ta a hankali zuwa tsini ba tare da tsayawa ko dannawa ba, a yi wa dama da hagu adadi ɗaya. Bayan an gama a wanke ta da sabulu, don kada garin ƙarfe ya shiga abinci. A daina yanka a kan tiren ƙarfe ko tayil ko farantin tangaran, a daina sara ƙashi da wuƙar yankan ganye, sai buƙatar wasawa ta ragu da kanta. Sabuwar na'ura kuwa a fara gwada ta da wuƙar da ba za a yi kukan rashinta ba, kuma ba a jajibirin Sallah ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohon maƙerin nan. Kano gari ne da tarihinsa ya fara da masu narka tama a gindin Dala, amma yau 'ya'yan maƙera da yawa sun bar zuga-zugi sun kama wasu sana'o'i, kuma ba zan zarge su ba, kowa abincinsa yake nema. Sai dai ranar da na yi ɓarna, ba mai shago na koma wa ba, domin shi abin da ya sani ya sayar. Wanda ya iya duban launin ƙarfe ya faɗi abin da ya same shi, shi ya ceci abin da ya rage na wuƙar Hajiya. Idan muka bar irin wannan sani ya tafi kabari tare da masu shi saboda mun sami abin jonawa a bango, wata rana za mu nemi mai gyara mana ɓarna mu rasa.

Yanzu a gidana an raba aiki. Wuƙaƙen kanti na na'ura ne. Wuƙar layya da wuƙar Hajiya kuwa, mako biyu kafin Sallah nake naɗe su a tsumma in kai su maƙera, in tafi da babban ɗana, ya zauna ya ga yadda ake riƙe wuƙa a kan dutse. Bara tsohon ya ba shi wani ɗan mawashi kyauta, ya ce ya fara koyo da wuƙar da ba ta da daraja. Allah Ya saka masa da alheri, Ya kuma sa mu gane darajar abin da ke hannunmu tun bai salwanta ba.