Kwamfuta a Ma'aikata: Wa Ke Riƙe da Linzami?

Ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga wata babbar ma'aikata ko kamfani ya tarar da kwamfutoci jere bisa tebura, an kashe musu maƙudan kuɗi, amma masinja yana nan yana kai da kawowa da fayil a hammata kamar zamanin En'e. Wanda ya zo neman haƙƙinsa kuwa sai a ce masa ya dawo gobe. In aka tambayi shugaban ma'aikatar, sai ya ce laifin ma'aikatan kwamfuta ne. Su kuma su ce abin da aka umarce su su sayo, shi suka sayo. Kuɗin da ya salwanta a tsakani kuwa na jama'a ne, ko na masu hannun jari.

Wannan matsala ba ta ƙasa ɗaya ba ce, kuma ba yau ta fara ba. A cikin 1987 Robert Solow, masanin tattalin arziki na Amurka wanda ya sami lambar Nobel a wannan shekarar, ya yi wata magana da ta bazu ƙwarai. Ya ce ana ganin alamun zamanin kwamfuta ko'ina, in ban da cikin alƙaluman da ke nuna yawan amfanin da ma'aikata ke samarwa. Watau kamfanoni suna ta sayen na'urori, amma aiki bai ƙaru gwargwadon kuɗin ba. Daga baya wasu masana biyu, Erik Brynjolfsson da Lorin Hitt, suka bi diddigin manyan kamfanoni 527 na Amurka daga 1987 zuwa 1994. Suka tarar lalle kwamfuta tana kawo amfani, sai dai ba nan da nan ba. Amfanin da ake gani bayan shekara biyar zuwa bakwai yakan kai ninki biyar na wanda ake gani a shekarar fari, domin sai an sake tsarin aiki, an horar da ma'aikata, an soke matakan da ba su da amfani, sa'an nan na'ura ke nuna abin da ta iya. Daga irin wannan bincike ne hankalin masana ya koma kan shugabanci, maimakon kan na'urar kanta.

Daga ɗakin lissafi zuwa teburin shawara

A da, kwamfuta kayan aikin akanta ce. Ana ajiye ta a ɗaki mai sanyi, ana lissafin albashi da ita, mai kula da ita kuma yana ƙarƙashin ma'aji. Ba wanda ke kiransa taron da ake yanke shawarar inda kamfani zai dosa. A cikin 1981 William Synnott, wani babban jami'in banki a birnin Boston, da William Gruber suka wallafa littafi inda suka kawo shawarar a kafa muƙamin babban jami'in kula da bayanai, wanda zai zauna tare da sauran manya. Muƙamin ya karɓu sannu a hankali, har a cikin 1996 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ake kira Clinger-Cohen, wadda ta wajabta wa manyan ma'aikatun tarayya na ƙasar naɗa irin wannan jami'i.

Amma ba mutum kujera daban, sauraron maganarsa daban. A cikin 1993 John Henderson da N. Venkatraman suka buga a wata mujallar kamfanin IBM bayanin da har yau ake koyarwa a makarantun kasuwanci. Suka ce abubuwa huɗu ne ya kamata su dace da juna: manufar kamfani, da tsarin aikinsa na yau da kullum, da manufarsa game da fasaha, da kuma na'urori da ma'aikatan da ke tafiyar da fasahar. In an taɓa ɗaya, to tilas a duba sauran ukun. Bankin da ya ƙudura kai hidima ga mutanen karkara, alal misali, amma ya zuba kuɗinsa cikin tsarin da sai mai babbar waya da intanet mai ƙarfi ke iya amfani da shi, manufarsa ta fuskanci gabas, fasaharsa ta fuskanci yamma. Sun kuma ja hankali cewa daidaituwar ba abu ba ne da ake gamawa a rufe fayil, domin kasuwa tana sauyawa, fasaha ma haka.

Sanin aikin juna

Daga cikin binciken da aka yi bayan wannan, akwai guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Blaize Reich da Izak Benbasat sun shiga sassa goma na kamfanonin inshora a Kanada, suka yi hira da shugabanni, suka karanta takardun tsare-tsare, suka buga sakamakon a cikin 2000. Abin da suke nema shi ne dalilin da ya sa a wani sashe shugaban kasuwanci da shugaban fasaha suke magana da murya ɗaya, a wani kuma kowa ya kama gabansa. Suka ga yawan tattaunawa yana taimakawa, haka ma tsara shirin shekara tare, haka kuma tarihin ayyukan baya, domin sashen kwamfuta da ya taɓa cika alkawari an fi yarda da shi. Amma duk waɗannan na ɗan gajeren lokaci ne. Abu guda da suka ga yana kai shugabannin biyu ga hangen nesa iri ɗaya shi ne sanin aikin juna: shugaban fasaha ya san yadda ake sayar da inshora da biyan diyya, shugaban kasuwanci kuma ya taɓa riƙe wani aikin kwamfuta har ya san wahalarsa.

Wannan sakamako ya fi ƙarfin a gyara shi da takardar umarni. Kwamiti ana iya kafa shi rana ɗaya, amma sanin aikin wani sai da shekaru, sai an riƙa sauya wa ma'aikata wurin aiki da gangan, injiniya ya yi wata shida a kantar karɓar kuɗi, jami'in mulki ya zauna cikin ayarin masu girka sabon tsari. Ma'aikatu da yawa ba sa son haka, domin a farko yana rage saurin aiki.

Shawarwarin da ba na injiniya ba ne

Jeanne Ross da Peter Weill na jami'ar MIT sun ɗauki matsalar ta wani gefe. A cikin 2002 suka rubuta a mujallar Harvard Business Review cewa akwai shawarwari shida da bai kamata a bar wa ma'aikatan fasaha su yanke ba. Nawa za a kashe? Wane aiki za a fara zuba wa kuɗin, wanne zai jira? Me za a haɗa ya zama bai ɗaya ga dukkan sassa? Ingancin hidimar zai kai ina, tunda kowane ƙarin inganci da kuɗinsa? Wane haɗari za a iya jurewa game da tsaro da sirrin jama'a? In aikin ya lalace, wa za a tuhuma? Duk wanda ya duba zai ga ba ko ɗaya cikinsu da ke bukatar sanin waya ko manhaja. Shugaban da ya ce shi bai san kwamfuta ba, saboda haka ya miƙa su ga injiniya, ya miƙa linzamin ma'aikatarsa ke nan, kuma ya sami wanda zai ɗora wa laifi gobe.

Abin da ya faru a Ingila

A cikin 2002 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na sanya bayanan marasa lafiya na Ingila baki ɗaya cikin kwamfuta, yadda likita a kowane gari zai iya ganin tarihin majinyacin da ke gabansa. Manufar kyakkyawa ce, kuɗi kuma akwai. Aka yi hanzarin ba manyan kamfanoni kwangila daga Landan, irin su BT da Accenture da Fujitsu da CSC, alhali likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi aiki da tsarin ba a nemi shawararsu yadda ya kamata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Asibitoci kuwa kowane da yadda yake karɓar majinyaci, da yadda yake rubuta magani, sai ga tsari guda an aiko musu daga sama. Accenture ya janye a 2006, kwangilar Fujitsu ta mutu a 2008, a watan Satumba na 2011 gwamnati ta ba da sanarwar wargaza shirin. A cikin 2013 kwamitin majalisa mai binciken kuɗin gwamnati ya ba da rahoton cewa an ƙiyasta abin da shirin zai ci ya kai fam biliyan 9.8. Adalci ne a faɗi cewa wasu sassan sun yi aiki, musamman na adana hotunan ƙashi da aika su tsakanin asibitoci, kuma abin lura shi ne wannan sashe ne da likitoci da kansu suka daɗe suna so.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa magani shi ne a yi wa kowane sashe abin da ya nema. Wani bincike da ma'aikatan kamfanin Bain suka buga a 2007, bayan sun tambayi manyan jami'ai fiye da 500, ya nuna akwai tarko a nan. Kamfanonin da sashen fasaharsu ke biyan bukatar kowane shugaba, amma bai iya gama aiki kan lokaci ba, sun fi matsakaici kashe kuɗi, kuma sun fi shi jinkirin bunƙasa. Dalili kuwa kowa an gina masa nasa tsarin, har na'urori suka yi yawa, ba mai magana da ɗan'uwansa. Shawararsu ita ce a fara sauƙaƙa abin da ake da shi tukuna.

A gida Nijeriya

Gwamnatin Tarayya ta ga fuskokin al'amarin biyu. Asusun bai ɗaya na gwamnati, wanda aka tilasta wa ma'aikatu shiga a 2015, ya faro ne daga manufa bayyananniya: a san nawa gwamnati ke da shi a kowace rana, maimakon kuɗinta su warwatsu cikin asusu barkatai a bankunan kasuwanci. Shawarar daga sama ta fito, fasaha ta bi bayanta. Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka fara a 2007 don kawar da ma'aikatan bogi, shi ma manufarsa a fili take. Amma da aka kai shi jami'o'i sai malamai suka ce bai san yanayin aikinsu ba, kamar malamin da ke hutun nazari a wata jami'a, ko wanda aka gayyato koyarwa na ɗan lokaci. Takaddamar tana cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, kuma a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001 aka kuma yi mata doka a 2007, ita ke tantance ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya kafin a fara su. Tantancewar tana iya gano farashin da aka kumbura, ko aikin da wata ma'aikata ta riga ta yi. Amma ko aikin zai rage wa ɗan fansho jiran da yake yi, ko zai sa manomi ya sami takinsa kafin damina, wannan tambaya tana kan teburin Babban Sakatare da daraktocinsa, kuma su ne za su sa hannu a kan amsar.