Ranar 29 ga Mayu da Mutumin Daura

Sau uku ranar 29 ga Mayu ta zo ta wuce Muhammadu Buhari yana kallo. A 2003 Obasanjo aka rantsar, a 2011 kuma Goodluck Jonathan. Ta tsakiyar, wato 2007, ita ce mai ɗaci ga mutanen Daura, domin wanda ya ɗora hannu kan Alƙur'ani a dandalin Eagle Square ɗan jiharsu ne, Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ma a ranar 29 ga Mayun 1999 ya fara zama gwamnan Katsina. Duk sau ukun Buhari ya tsaya takara, ya faɗi, ya garzaya kotu, kotu ta sallame shi hannu rabbana. A 2011 har ya zubar da hawaye a gaban jama'a, yana cewa wannan ce takararsa ta ƙarshe.

Ranar kanta ba ta da tsarki a tarihin Najeriya. A 29 ga Mayun 1962 majalisar tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma bayan rikicin Awolowo da Akintola. A 29 ga Mayun 1966 tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa saboda dokar soja mai lamba 34 da Janar Ironsi ya yi ta rushe jihohi, aka yi asarar rayuka masu yawa, galibi 'yan ƙabilar Ibo. Janar Abdussalami Abubakar ne ya wanke ta, da ya zaɓe ta ranar miƙa mulki ga farar hula a 1999 bayan rasuwar Abacha. Daga nan aka sa mata suna Ranar Dimokuraɗiyya, ana hutu.

Sai karo na huɗu. A zaɓen 28 ga Maris 2015 Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 15, Jonathan ya samu kusan miliyan 13, kuma tun kafin hukumar zaɓe ta gama sanar da sakamako Jonathan ya buga masa waya ya taya shi murna. Ba a taɓa kayar da shugaba mai ci a akwatin zaɓe ba a ƙasar nan sai a lokacin. Ranar Juma'a, 29 ga Mayu, mutumin da aka haifa a Daura a 1942, wanda sojoji 'yan'uwansa suka tumɓuke a watan Agustan 1985 suka tsare shi fiye da shekara uku, ya koma kujerar da aka ƙwace masa shekara talatin baya. A jawabinsa ya ce shi na kowa ne, kuma ba na kowa ba ne. Mutanen Daura dai ba su ɗauki rabin maganar na biyu da muhimmanci ba, kuma ba su yi asara ba: garin ya samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri, aka kuma bi da layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta wajensu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya saka wa ranar. A watan Yunin 2018 ya sanar da cewa Ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke, ya kuma ba marigayi Abiola lambar girma ta GCFR, wadda shugabannin ƙasa ake ba wa. Wasu suka ce gyaran tarihi ne, wasu suka ce farautar ƙuri'un Yarbawa ce ana dab da zaɓen 2019. Ni dai ban manta cewa wanda ya soke zaɓen Abiola, Janar Babangida, shi ne ya kifar da Buhari a 1985 ba. Ko ma mene ne dalili, rantsuwarsa ta biyu a 29 ga Mayun 2019 lami ta wuce, ko jawabi bai yi ba.

Ranar Litinin, 29 ga Mayun 2023, ya miƙa wa Bola Tinubu mulki, ya wuce filin jirgin sama kai tsaye. Dama ya sha faɗin cewa Daura zai koma ya duba shanunsa, in kuma aka dame shi ya tsallaka Nijar, wadda ba ta da nisa da gida. Jirginsa ya sauka a Katsina, a filin da ke ɗauke da sunan 'Yar'aduwa, a ranar da Dikko Raɗɗa ya karɓi jihar daga Aminu Masari. Washegari masarautar Daura, ƙarƙashin Sarki Umar Faruk Umar, ta yi masa hawan daba. A Abuja kuwa sabon shugaba ya riga ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare, kuma kafin makon ya fita litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, a Daura da ko'ina.